Littafin Yaƙi a Ƙasar da Ake Yaƙi: Ya Dace ko Bai Dace Ba?

Gardama ce da ta ƙi mutuwa tsakanin marubuta da makaranta a arewacin Zamfara. Ana yin ta a bakin shagunan cajin waya a Ƙauran Namoda, ana yin ta a zaurukan WhatsApp inda 'yan Shinkafi da 'yan Zurmi da suka warwatsu a Gusau da Sakkwato da Kaduna suke haɗuwa da dare. Tambayar ita ce: mutumin da Allah Ya ba baiwar ƙaga labari, yana kuma zaune a ƙasar da ake ɗauke manomi a gonarsa, ake aza wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya yi girbi, ya kyautu ya duƙufa yana rubuta labarin jarumi mai takobin sihiri da aljani mai kai bakwai da birnin da babu shi a taswira?

Irin waɗannan su ne 'yan kasuwa suke kira littattafan yaƙi. Sun bunƙasa tare da adabin kasuwar Kano, gefe da gefe da littattafan soyayya, kuma sunan da ya fi fita a fagen shi ne Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Galibi mata suka riƙe na soyayya, samari suka riƙe na yaƙi. Ni ma cikin masu rubuta irinsu nake, saboda haka ba zan hau kujerar alƙali ba. Abin da zan iya shi ne in kawo hujjar kowane ɓangare da ƙarfinta, domin a ɓangarorin biyu akwai mutanen da nake jin nauyinsu.

Abin da masu suka suke farawa da shi

Hujjarsu ta farko ta shaida ce. Suna cewa abin da ya faru da wannan yanki cikin shekarun nan bai taɓa faruwa ba a tsawon rayuwar kowa da ke raye, kuma yana wucewa ba tare da an rubuta shi ba. A watan Fabrairun 2018 aka yi kisan Birane a ƙaramar hukumar Zurmi. A 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, a watan Satumba aka katse layukan waya a faɗin jihar, kasuwar Shinkafi da ake zuwa ci har daga Nijar ta koma fili. Dubban mutane daga wannan kusurwa ta Zamfara da gabashin Sakkwato sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Jarida takan faɗi adadin waɗanda suka mutu, kashegari ta wuce zuwa wani labari. Ba ta faɗin yadda ake yin karo-karo bayan sallar isha'i don haɗa kuɗin fansa, ko yadda uwa take sayar da akuyarta da gadon aurenta da tukunyar da take sana'a da ita, ko halin da magidanci yake dawowa da shi daga daji bayan an sako shi, ya zauna a zaure ya kasa haɗa ido da 'ya'yansa. Wannan aiki, in ji su, na marubucin labari ne, kuma in bai yi ba babu mai yi.

Suna da misali mai nauyi. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa: labarin yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ta ƙetare Hamada. Da ba don wannan ɗan littafi ba, da yawancin Hausawan yau ba su da hoton yadda cinikin bayi ya keta gidaje. A kusa-kusa kuma, lokacin da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani, a kan 'yan gudun hijira. Ke nan makaranta ba su ƙi gaskiya ba in an iya rubuta ta. Wani tsohon malamina na firamare ya taɓa tare ni a kan wannan, ya ce, "Ɗana, idan jikokina suka tambayi abin da ya same mu, aljani za ka nuna musu?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, maganarka tana kan hanya." Har yau ina ganin tana kan hanya.

Amsar masu rubutawa

Masu goyon baya sukan ce a koma wa gasar nan ta 1933 a duba da kyau, domin a cikinta ne kuma aka sami Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam. Ganɗoki ya fara ne da tarihi tsagwaronsa: zuwan Turawa, faɗuwar garuruwa, hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da ta ƙare a Burmi a 1903. Daga nan sai jarumin ya faɗa ƙasashen aljanu, yana cin nasarar da aka kasa ci a gida. Shekara 30 kacal tsakanin Burmi da rubuta littafin, waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu, kuma hukumar Turawan ce za ta buga shi. Malamin da ke aiki ƙarƙashin mulkin da ya ci ƙasarsa da yaƙi ba shi da damar ya rubuta baƙin cikin shan kashi ƙarara. Ƙasar aljanu ce ta ba shi filin da zai mayar wa mutanensa da ƙimarsu. Saboda haka, in ji su, labarin mamaki a Hausa tun haihuwarsa yana da alaƙa da rauni, kuma wanda ya ce gudun gaskiya ne bai karanta shi da natsuwa ba.

Sai su ɗora da maganar tsaro, wadda duk mazaunin yankin ya san nauyinta. Wanda ke Abuja yana iya ambaton sunan kowane ɗan bindiga ya kwana lafiya. Wanda ke kwana a Shinkafi ya san akwai masu kai rahoto a cikin gari, kuma waya ɗaya ta isa. Ko da bai ambaci suna ba, ƙaramin gari ne: in ya rubuta labarin mai unguwar da ke karɓar kaso, ko mai shagon da ke kai wa daji burodi da man fetur, kowa zai ce ya gane wanda ake nufi, ko da ba shi ake nufi ba. Bahaushe ya daɗe da sanin maganin wannan. Tatsuniyar Gizo da Kura da Zaki ta ba talaka damar yin magana a kan mai ƙarfi da mai wayo da azzalumi a tsakar gida, ba tare da dogari ya zo ba. Dodon da ke tare rijiya yana karɓar budurwa duk shekara kafin a sha ruwa, wane ɗan Zurmi ne yau zai ji wannan bai tuna harajin noma ba?

Akwai misali daga Iraƙi da ya cancanci a tsaya a kansa. A 2013 Ahmed Sa'adawi ya fitar da littafinsa na Larabci mai suna Frankenstein a Bagadaza, wanda ya ci babbar gasar ƙagaggun labaran Larabci a 2014. Labarin wani ɗan gwangwan ne da ke tsintar sassan jikin waɗanda bam ya tarwatsa, yana ɗinke su wuri ɗaya don a sami gawar da za a yi wa sutura. Sai gawar ta tashi tana ɗaukar fansa. Da tafiya ta yi tafiya sai ta riƙa buƙatar sababbin sassa don kada ta ruɓe, har ta kai ba a iya bambance naman wanda aka zalunta da na azzalumi a jikinta. Babu rahoton jarida da ya bayyana yadda ramuwar gayya take cinye mai yin ta kamar yadda wannan ƙagaggen dodo ya yi. Masu goyon baya suna cewa irin wannan ne suke karewa.

Inda masu suka suka fi ƙarfi

A nan masu suka sukan yi murmushi su ce: to, a nuna mana irin wannan a cikin abin da kuke rubutawa. Kuma a nan ne gardamar take barin maganar aljanu ta koma kan jarumi, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin.

Jarumin littafin yaƙi kusan kamanninsa ɗaya ne ko'ina. Shi kaɗai ne, ƙarfe ba ya cin sa, yana ratsa dakaru dubu yana sare kawuna, marubuci yana ƙawata yadda jini ke malala. Abokan gabarsa ba su da uwa, ba su da 'ya'ya, ba su da dalili. Jinsi ne guda na miyagu, kuma maganinsu shi ne a ƙarar da su. Masu suka suna cewa a ɗauki wannan hoto a ajiye shi kusa da abin da ke faruwa a ƙasarmu. Yaron da ya shiga daji da bindiga yana ganin kansa gagara-badau ne, ya sha guraye da layu, ana yi masa kirari a bidiyo. Saurayin da ya shiga sa-kai don kare garinsu, wanda niyyarsa ta fari mai kyau ce, shi ma an ɗaura masa laya an ce harsashi ba ya huda shi. Kuma kowa a Zamfara ya san yadda wutar nan ta ƙara ruruwa lokacin da aka daina tambayar wane ne ya yi laifi aka koma tambayar wane iri ne: a kama Bafulatani a kasuwa a kashe don kamanninsa, 'yan'uwansa su afka wa ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba, sai a sake ramawa. Labarin da ke koya wa yaro cewa mugunta jinsi ce, cewa namiji shi ne wanda ba ya tausayi, yana zuba wa wannan tunani taki ko marubucin bai yi nufi ba.

Suna kuma tunatar da mu cewa mu a wannan yanki ba baƙin ƙarfin zuga ba ne. Ƙasar Kassu Zurmi ce, makaɗin 'yan tauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin wasan tauri ya ga yadda mutum yake tsaye lafiya lau, da an kaɗa takensa sai jikinsa ya ɗauki tsuma, ya zaro wuƙa yana gurza wa cikinsa, idonsa ya juya. Wanda ya ga wannan ba zai ce magana iska ce ba. In kiɗa da kirari suna iya tayar da tsumin babban mutum, me zai hana shafi ɗari na kirarin kisa ya yi tasiri a zuciyar ɗan shekara 14?

Malamai daga cikinsu suna ƙara tasu. Sihiri yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, amma a yawancin waɗannan littattafai boka da matsafi su ne masu iko da al'amura, ana kwatanta tsafinsu dalla-dalla har ya ba yaro sha'awa. A ƙasar da jahilci ya yi yawa, makarantu da dama a karkara suka rufe saboda tsoro, suna ganin wannan wasa da wuta ne.

Abin da masu goyon baya suka mayar

A kan addini amsarsu gajera ce. Musulmi ba ya musun samuwar aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani take ɗauke da sunansu. Kuma wanda ya karanta littattafan ya san cewa sau da yawa ƙarshensu shi ne rushewar tsafi a gaban mai ambaton Allah. An yi shekara da shekaru ana koyar da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a makarantu, alƙalai da limamai da dama sun taso a kansu, ba a ji sun koma bori ba.

A kan zuga kuwa, suna cewa a yi adalci wajen neman sanadi. Iyayenmu sun saurari Kassu Zurmi, sun saurari Narambaɗa na Tubali yana wasa sarakuna da kirarin mazan jiya, kuma sun yi noma kusa da makiyaya shekaru aru-aru, rigimarsu ba ta wuce ta ɓarnar gona da ake kashewa a gaban hakimi. Abin da ya sauya sananne ne: an cinye burtali da makiyaya, satar shanu ta zama sana'a, mai ƙaramin ƙarfi ya rasa adalci a wurin da ya kamata ya same shi, makamai suka kwararo ta Hamada bayan rushewar Libiya a 2011, zinariya ta jawo masu idon cin naira. Yawancin yaran da ke daji ba su taɓa zama a aji ba balle su karanta littafi. Ɗora wa marubuci laifi hanya ce mai sauƙi ta kauce wa masu laifin gaske. An gwada wannan a Kano a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, kuma babu wanda zai ce tarbiyya ta gyaru saboda wannan wuta.

Sannan suna da hujjar da take taɓa ni fiye da sauran, wato ta hutun zuciya. J.R.R. Tolkien, Baturen Ingila da ya rubuta The Lord of the Rings, yana cikin sojojin da suka yi yaƙin Somme a Faransa a 1916, kuma aminansa biyu ba su dawo ba. Da aka zargi irin labaransa da cewa gudu ne, sai ya bambance tsakanin sojan da ya tsere daga fagen fama da ɗaurarren da ke neman hanyar fita daga kurkuku, ya ce bai kamata a zargi na biyun ba. Yaron da ya kwana yana jin harbi, ya wayi gari babu makaranta, yana da haƙƙin awa ɗaya a duniyar da mai gaskiya yake cin nasara. A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam ma, da labari aku ya riƙa tsare ɗan sarki Musa dare bayan dare, ya hana shi fita zuwa inda ake haƙonsa. Imam ya san labari yana iya zaunar da saurayi mai zafin jini. Kuma ga samari da yawa littafin yaƙi ne kaɗai abin da suka taɓa karantawa daga bango zuwa bango don ra'ayin kansu. In aka ƙwace shi, wayar da ke hannunsu tana cike da bidiyon gawarwaki na gaske da ake turawa daga zaure zuwa zaure.

Masu suka ba su bar wannan ta wuce ba. Suka ce ɗaurarren da ya fita kurkuku a mafarki, da asuba yana nan cikin mari, kuma al'ummar da ta saba jiran jarumi guda da zai zo ya cece ta tana iya mantawa da tambayar waɗanda ta zaɓa me suka yi.

Kasuwa, wadda take yanke hukunci ba ta saurari kowa ba

Duk wannan muhawara ana yin ta kamar marubuci yana da cikakken zaɓi, alhali cikinsa ma yana da ƙuri'a. A zamanin hukumar buga littattafai ta NORLA, da kuma kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, akwai edita da zai karanta rubutu ya mayar wa mai shi ya ce a gyara. Daga shekarun 1980 marubutan Kano suka fara buga nasu da kuɗinsu, 'yan kasuwa suna ɗauka, dilolin littafi suna bin mota ta Funtuwa zuwa Gusau, daga nan su iso Ƙaura da Shinkafi, inda mai shagon haya zai ba ka littafi ka kwana da shi a kan kuɗi kaɗan. Wannan hanya ta kusa mutuwa. Takarda ta yi tsada, masu saye sun koma waya.

Yanzu marubuci yakan saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane sai ya sanar cewa littafin kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira a saka mutum a zaure. Daga ranar ya zama kamar mai tuyar ƙosai: kowace safiya sai an zuba sabon ƙullu, in ya makara masu jira su watse. Kafin ya kai rabi wani ya fitar da littafin yana yawo kyauta, wani kuma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗin talla ba tare da ya nemi izini ba. Manhajar OkadaBooks da marubutan Hausa da dama suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Marubucin Zamfara kuma yana da ƙarin nasa: lokacin da aka katse layuka a 2021, sai wanda ya iya kai kansa wani gari a wajen jihar ne yake iya tura ko shafi ɗaya.

A shiga shagon tura fina-finai a Ƙaura a ga abokan takararsa. Yaro ne zaune gaban kwamfuta, mutane sun miƙa memori, wannan yana son shirin Labarina, wancan yana son fim ɗin Indiya Baahubali fassarar Hausa, wata ta aiko ƙanenta a saka mata littafin sauraro, domin ba ta iya karatun boko ba amma tana son ta ji labari tana tankaɗe. Masu suka suna cewa wannan takara ce ta lalata littafin yaƙi: marubuci yana kwafo fage daga fim ɗin Indiya, yana ja wa labari tsawo da faɗa bayan faɗa don kada zaure ya watse, babu edita, babu lokacin tunani. Masu goyon baya suna cewa kasuwar nan ɗaya ce take hukunta mai rubuta gaskiya: matar da ta binne ɗanta jiya ba za ta biya kuɗi a sake ba ta labarin binne ɗa ba. Dukkansu sun faɗi gaskiya, kuma ba na jin ɗayansu ya rinjayi ɗaya a wannan gaɓa.

Bagadaza ko Dutsi

Akwai wuri guda da na ga ɓangarorin biyu sun kusa haɗuwa. Me ya sa jaruman littattafanmu kullum a Misra ko Bagadaza ko Birnin Sin suke, da sunayen da babu mai su a ƙasar Hausa? Gadon Dare Dubu da Ɗaya ne, an sani. Amma ga Dutsi nan a ƙasar Zurmi, mazaunin farko na sarakunan Zamfara, inda ake nuna dogayen kaburburan da ake dangantawa da sarakunan farko, ana cewa ƙatta ne. Ga 'Yargoje, macen da ta yi sarautar Zamfara, wadda har yau ake maganar fitilarta. Ga Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a zamanin sarkinsu Babari, ga Alƙalawa da ta faɗi a 1808, yaƙin da Namoda, wanda Ƙaura take ɗauke da sunansa, yana cikin jagororinsa. Ga gulbin Gagare da na Bunsuru da abin da masunta ke faɗi a kansu. D.O. Fagunwa ya ɗauki dajin Yarabawa da maharbansu ya gina littafi a 1938 da har yau ake karantawa. Nnedi Okorafor ta ɗauki ta'asar Darfur ta saka a labarin mamaki mai suna Who Fears Death a 2010, ya ci babbar lambar duniya ta wannan fanni a shekarar da ta biyo. Mu muna zaune kan irin wannan dukiya muna aro daga nesa.

Sai dai marubutan da suka gudu Bagadaza ba wawaye ba ne. Sarkin Misra na ƙage ba shi da jikoki a Shinkafi. Sarkin Gobir Yunfa yana da su, Namoda yana da su, sarakunan Zamfara suna da su, kuma suna zaune unguwa ɗaya, suna auren juna. A lokacin da ake neman raba Bahaushe da Bafulatani da ƙarfin tsiya, wanda ya ɗauko yaƙin Alƙalawa ya mai da ɓangare ɗaya jarumai ɗaya dodanni ya fi mai Bagadaza ɓarna nesa ba kusa ba. Komawa gida yana buƙatar ilimi da taka-tsantsan da rubutun kullum-kullum na zauren WhatsApp ba ya bayarwa.

Abin da ya rage bayan an tankaɗe

Da na auna, ban ga hujjar da ta tabbatar cewa labarin mamaki shi kansa laifi ne a lokacin masifa ba. Ganɗoki da littafin Sa'adawi sun ishe ni shaida cewa aljani da dodo suna iya ɗaukar gaskiyar da bakin mutum yake tsoron faɗa. Ban kuma yarda cewa littafi ne ya tura kowa daji ba, kuma duk wani kira na a hana ko a ƙona ina gaba da shi.

Amma zargin da aka yi wa jaruminmu ya zauna, kuma ban ji amsar da ta kawar da shi ba. Cewa littafi bai haddasa fitina ba bai wanke shi daga ƙarfafa tunanin da fitinar take ci da shi ba. Marubucin da ke zaune a Zamfara ya ga inda aƙidar a ƙarar da su take kaiwa, ya ga gawar wanda aka ce ƙarfe ba ya cin sa. In bayan wannan ya ci gaba da rubuta kisa a matsayin kwalliya, da abokin gaba marar uwa, to ya zaɓi ya rufe idonsa ne, kuma ba zai fake da Tolkien ba, domin a littafin Tolkien ƙaramin halitta marar ƙarfi ne ya ɗauki nauyin, tausayin da aka nuna wa wani abin ƙyama ne ya kawo nasara, kuma wanda ya dawo gida bai warke ba. Ana iya rubuta littafin yaƙi da jarumin da ke jin tsoro, da dodon da aka san yadda aka yi ya zama dodo, da garin da ya tsira don mutanensa sun haɗa kai. Ko zaure zai biya kuɗin irin wannan, sai an gwada.

Inda na kasa yanke hukunci shi ne maganar malamina. Labarin aljanu yana iya jira shekara 20, ba abin da zai same shi. Shaida ba ta jira: tsofaffin da suka san yadda ƙauyukan nan suke kafin a tashe su suna mutuwa a gidajen haya a Ƙaura da Gusau da sansanonin Maraɗi, kuma abin da suka sani yana tafiya da su. Wannan yana ba masu suka gaskiya cewa akwai aikin da ya fi gaggawa. A ɗaya hannun, wanda zai zauna da su ya rubuta, ya sa sunansa a bango, shi ne zai bi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi gobe, shi da iyalinsa. Marubutanmu da ke Kaduna da Kano da Abuja suna da sararin da za su ɗauki wannan nauyi, kuma ina ganin ya hau kansu. Wanda yake kwana a cikin abin kuwa, ban ga mai ikon ce masa dole ya rubuta shi ƙarara ba, ban kuma ga mai ikon ce masa ya sauke nauyin don ya sakaya shi a bakin dodo ba.